Rabin Magani a Lalita

Bazara ce, ta biyu tun dawowarmu daga gudu. Zafi ya tsananta a Mubi wannan shekarar, mangwaro ya nuna da wuri yana zubewa a ƙasa. Gari ya sake cika, kasuwar shanu ta dawo ci, an shafa fenti a kan rubutun da mutanen daji suka bari a bangon shaguna, ko da yake in rana ta haska sosai kana iya ganin baƙin a ƙarƙashi. Amma hankali bai dawo tare da mu ba. In taya ta fashe a bakin titi, sai ka ga mata sun sauke bokiti sun damƙi hannun yara. Mun zauna a gidajenmu kamar baƙon da bai cire takalmi ba.

A wannan bazarar ce aka ce ba za a ƙara ba ni maganin wata guda ba.

Autata tana da farfaɗiya tun tana shekara huɗu. Maganinta ƙwaya ce 'yar fara, ba ta kai ƙwayar wake ba, guda ɗaya kowace yamma bayan tuwo. In ta sha, yarinya ce kamar kowa, har ta fi yayyenta surutu. In ta kwana biyu ba ta sha ba, sai Allah.

Ranar da aka shigo gari ina wanke-wanke. Na ɗauki abin da hannu ya kai, na goya jikata, na ja auta, muka bi mutane. Kwalbar maganin tana kan taga, inda take zama kullum don kada in manta da ita. Ba mu tuna ba sai da muka wuce Sahuda muka fara hawan dutse. A rana ta uku ta faɗi. Mun hura wuta muna gasa masarar gonar wani bawan Allah, ta faɗa gefen wutar, hannunta na hagu ya shiga garwashi. Mutanen da muka kwana uku muna shan ruwa a ƙwarya ɗaya suka ja da baya, wai miyaunta yana kama mutum. Ni kaɗai na riƙe ta, sai wata tsohuwa maƙwabciyata da ta cire mayafinta ta naɗe mata hannu. Sau huɗu ta faɗi kafin mu samu magani a hayin iyaka. Tabon yana nan har yau, tana rufe shi da dogon hannu.

Tsohuwar nan Bafulatana ce, bangon gidanmu ɗaya a Sabon Layi, duk unguwa Dada muke ce mata. Ita ma ta bar maganin hawan jininta a cikin kwanon sha, ta yi tafiyar nan kanta yana sarawa.

Da muka dawo, ba wanda ya tara mu ya koya mana. Kowace mace ta ɗinka lalita ta ɗaura a ƙugu, ƙarƙashin zani. Ranar da aka ba ka maganin wata, sai ka raba biyu: rabi a kwalba, rabi a lalita. A fara shan na kwalba, in ya ƙare a koma na lalita, kafin ya ƙare an karɓo sabo an sake rabawa. Da ita muke zuwa rijiya, da ita muke zuwa coci, Dada da ita take salla. Mai ciwon suga, mai asma, mai hawan jini, duk haka. Ko yau aka ce a tashi, kana da kwanaki a jikinka.

Ni kuma na ƙara da littafi. Ban yi makaranta ina yarinya ba, gona aka tura ni. Sai bayan na haifi na uku na shiga ajin yaƙi da jahilci na zumuntar mata, shekara uku ina zuwa da goyo. Malamarmu takan ce abin da ba ka so ya ɓace, rubuta shi. Don haka na sayi littafi mai layi, kowace yamma in auta ta haɗiye ƙwaya sai in ja ɗan sanda a gaban ranar. Ranar da ta faɗi in zana da'ira. Dada tana tsokanata da Malama saboda wannan littafin.

Da daminar farko bayan dawowarmu aka kawo mana mai bincike. Muna karɓar magani a wani ƙaramin asibiti kusa da mu, inda wasu masu taimako suke kawo shi kyauta. Likitanmu mutumin duwatsun Michika ne, irin likitan da ke duba kowa a gida, daga jariri har kaka. Shi ya ce mana wani likita zai zo daga babban asibiti can nesa, yana so ya san yadda iyaye mata ke ba da magani bayan tashin hankali. Kowa ta zo da kwalbarta ranar da ta cika kwana goma da karɓa.

Muka zo. Yaro ne, bai kai ɗana na fari ba. Farar riga, kati a wuya da hotonsa, wai ko zai manta da kansa. Yana da 'yar kwalbar ruwa mai ƙamshi da yake goge hannu da ita duk lokacin da mace ta tashi daga kujera. Bai yi mana rashin kunya ba, wannan kam ba zan ɗora masa ba. Ya gaishe ni har da ɗan rusunawa.

"Mama, kin yi makaranta?"

"Na yi yaƙi da jahilci, ɗana. Shekara uku."

Ya duba takardarsa. Turanci ne a sama, Hausa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Akwati huɗu ne: firamare, sakandare, gaba da sakandare, babu.

"Wato firamare?"

"A'a. Ajin manya, na yamma."

Ya ɗan juya biro a hannu, sannan ya sa alama a akwati na ƙarshe. Bai san ina gani ba. A ajinmu mu biyar muke zagaye littafi guda, ni ce kullum ke zama ta wajen kai, don haka na fi saurin karatu in takarda tana juye. Na karanta "babu" sarai. Na ce a raina, shekara uku da goyo, ga su nan an zuba su a akwati ɗaya da ba su cika shi ba.

Ya juye kwalbata a kan ɗan faranti, ya ƙirga da bakin cokali. Biyar. Ya sake ƙirgawa, kamar za su haihu.

"Mama, an ba ki talatin. Yau kwana goma. Ya kamata in ga ashirin. Ina sha biyar?"

"Suna lalita."

"Ina?"

"Nan, a ƙuguna. Bari ka gani."

Na kai hannu zan sassauta zani. Ya ɗaga hannu biyu ya kau da kai, kunya ta kama shi.

"A'a, a'a, Mama, ba sai kin kwance ba! Abin da ke cikin kwalba kawai muke ƙirgawa. Haka tsarin yake."

Na fara yi masa bayanin taga da dutse da garwashi. Yana gyaɗa kai, yana cewa "Allah sarki, sannu Mama," idonsa yana kan shafi na biyu. Nan ma akwati huɗu ne, na dalilin da ya sa magani bai cika ba: ta manta, ta ba wani, ta sayar, ba ta fahimci umarni ba. Ya yi mini adalci irin nasa, bai ce na sayar ba. Ya zaɓa mini na ƙarshe.

Na ciro littafina na miƙa masa. Ya buɗe tsakiya, ya rufe.

"Kai, Mama, rubutunki yana da kyau!"

Da irin muryar da ake yaba wa yaro in ya zana mota a ƙasa ya faɗa. Ya mayar mini, ya jawo tawada zai kama babban yatsana. Na janye hannu na ce ya ara mini biro. Na sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, a ƙasan takardar da ta ce ban yi karatu ba. Ko wannan bai sa ya koma shafin farko ba. Aka ba ni sabulu guda, aka kira ta gaba.

Ta gaba Dada ce. Da ta fito na tambaye ta me ta ce masa.

"Ya ce ina sauran, na ce kura ta cinye."

"Haba Dada!"

"To me zan ce? Na ce suna jikina, ya ce kada in tuɓe. Wa ya ce masa zan tuɓe? Ni da na yi jika da shi? Malama, wannan yaron ko da tukunya bai taɓa gudu ba. Ya goge hannu sau uku ina zaune, sai ka ce akuya aka kawo masa."

Kwana huɗu ya yi, farar mota ta zo ta ɗauke shi. Muka yi wanka da sabulun muka manta da shi.

Sai ga bazarar da na fara da ita. Gonarmu tana Sahuda, gadon baban yara. Shekarar gudu dawa ta bushe a tsaye, ba mai girbi. Shekarar da ta biyo baya tsoro bai bar mu mun yi nisa da gari ba. Wannan karon baban yara ya ce ko ana ha maza ha mata sai mun koma, mu zauna a bukkar gona har a gama noman farko da na biyu. Buhun da ke ɗaki ya kusa kaiwa ƙasa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa. Na je karɓar maganin wata don mu tafi.

Ma'aikaciyar da ke ba da magani ta ƙirga bakwai ta zuba mini a kwalba.

"'Yata, saura ashirin da uku."

"Mama, sabuwar doka ce. Duk wadda katinta ya nuna ba ta yi makaranta ba, na mako ɗaya za a riƙa ba ta. Ki dawo ran Talata."

"Kowace Talata?"

"Kowace Talata."

Wanda bai san hanyar ba zai ce ai Sahuda ba nisa. An hana acaba tun kafin gudu. Mota sai ka yi sa'a, kuma a kowane shinge a sauke ku, ku taka da ƙafa hannu a sama. Daga inda mota ke tsayawa zuwa gonarmu akwai mayo, rafin da in ruwa ya sauka a kan duwatsu yakan cika ya hana ƙetarewa kwana biyu, wani lokaci uku. Kwana biyun nan kuwa su ne abin da nake tsoro a duniya. In Talata ta same ni a hayin mayo da kwalba wayam, na san abin da zan gani. Kuma da ƙwaya bakwai me za ka raba ka sa a lalita?

Da baban yara ya ji, sai ya ce, "To ki zauna a gari da ita, ni in tafi."

Shi kaɗai, da bayansa da ke ciwo, yaran manya kuwa duk suna Yola tun gudu. Mun san gonar da mutum ɗaya zai noma ba za ta kai mu rani ba. Na ce ya ba ni kwana ɗaya.

Da safe na ɗauki littafina. Dada ta gan ni ta katanga, ta ce ita ma bakwai aka ba ta, ba za a yi wannan kallo babu ita ba. Muka zauna a benci tun rana tana da sanyi har ta take tsaka. Da aka kira ni ta biyo ni ciki, ba wanda ya iya hana ta.

Likitanmu ya tarbe mu da fara'a. Shi ya karɓi haihuwar jikata, shi ya yi wa auta wankin ƙuna da muka dawo. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi mamarsa, sannan na ajiye kwalbar a kan tebur.

"Likita, laifin me na yi?"

"Ba laifi ba ne, Mama. Bincike ne ya nuna."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wani littafi mai faɗi, takardarsa tana ƙyalli, tana ƙamshin sabuwar atamfa. Ya riƙe shi da hannu biyu.

"Wannan mujallar likitocin iyali ce. Likitoci irina a ko'ina suna karanta ta, har ƙasashen waje. Kin tuna likitan da ya zo bara? Aikinsa ne ya fito. Mubi ta shiga mujalla, Mama!"

Ya buɗe ƙarshen rubutun, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan layi, ƙananan baƙaƙe kamar ƙwan kwarkwata. Sunansa ne, a wajen godiya. Fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji.

"Barka," na ce. "Me aka ce a ciki?"

Ya fassara mana a hankali. Wai an samu cewa a wuraren da aka yi tashin hankali, kwalaben iyaye mata suna ƙarewa kafin lokaci, musamman waɗanda ba su yi makaranta ba. Wai ba a san inda sauran maganin ke tafiya ba, ana jin ko rashin fahimta ne, ko ana rabawa dangi. Don haka ana ba likitoci shawara su riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan. Masu kawo mana magani sun karanta, suka mai da shawarar doka.

"Ni ina nake a ciki?"

Ya nuna mini wani zane mai layuka da lambobi. "Kina cikin wannan layin."

Na duba. Layi ne siriri, ba dutse a ciki, ba garwashi.

Dada ta leƙo ta kafaɗata. "Kurar fa? An sa ta?"

"Wace kura, Dada?"

"Bar shi, likita. Ashe ma ba a rubuta gaskiyar ba, ba a rubuta ƙaryar ba."

Ni ba mai ɗaga murya ba ce. Ko yarana ba su san ihuna ba. Na tashi na juya baya, na sassauta zani, na kwance lalita, na gyara ɗaurina, na juyo na zazzage ta a kan mujallar. Ƙwaya huɗu suka faɗo, ragowar watan da ya wuce, naɗe cikin leda. Dada ba ta ma juya baya ba, ta fizgo tata ta ajiye kusa da tawa.

"Ga inda suke tafiya," na ce. "An rubuta ba a sani ba. Na faɗa masa da bakina, ya ce kada in kwance."

Likita ya kalli lalitar, ya kalle ni.

"Likita, ranar da aka shigo, ta ina ka bi?"

"Ta dutse, Mama. Kamar kowa."

"Da mamarka?"

"Da ita. Goya ta muka yi a wasu wuraren."

"Maganin sugarta fa?"

Ya sauke ido kan mujallar.

"Yanzu ina take ajiye shi?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya daɗe yana gogewa.

"A ɗankwali," ya ce. "Tana ƙulle rabi a bakin ɗankwali. Ko wanka za ta shiga sai ta rataye shi inda take gani."

"Yauwa!" in ji Dada. "Ashe kurar har gidanku tana zuwa."

A nan ne raini ya cika mini ciki, kuma ba na yaron farar mota ba ne. Shi baƙo ne, ya zo da akwatunansa tun daga gida, ya zuba mu ya tafi. Kaza ma in ka zana mata layi a ƙasa takan tsaya a kai. Amma wannan da ke gabana ya hau dutsen da muka hau. Kowace safiya yana gaida tsohuwar da maganinta ke ƙulle a kanta. Ya karanta "ba a sani ba" da Turanci a takarda mai ƙyalli, sai ya yarda bai sani ba. Har ya ajiye ta a aljihun tebur yana nuna wa mutane sunansa.

Na tura masa littafina. Shi kam ya karanta, shafi bayan shafi, yana bin sandunan da yatsa. Tun dawowarmu ba ranar da babu sanda. Da'ira biyu ce kawai, duka a makon da zazzaɓi ya kama ta.

"Wannan ya fi abin da muke rubutawa a kati," ya ce a hankali. "Ya ga wannan?"

"Ya ce rubutuna yana da kyau."

Ya sauke numfashi. Ya ce zai rubuta wa masu mujallar wasiƙa, ya bayyana musu zancen lalita, akwai shafin da ake buga irin wannan. Na tambaye shi yaushe za ta fito. Ya ce in sun karɓa, wataƙila bayan wata shida, ko fiye. Sannan masu kawo magani su gani, su zauna, su duba.

"Likita, hadari yana gabas. Ruwa ba ya jiran wasiƙa. Ni jibi nake so in shuka."

"Dokar ba tawa ba ce, Mama. Suna zuwa suna duba katunan. In na ba mai 'babu' talatin, za su iya ɗauke maganin gaba ɗaya, kowa ya rasa."

Fanka ba ta juyawa, ba wuta. Can sai ya jawo katin auta, ya duba gaban, wajen da aka rubuta karatun uwa, ya ɗauki biro. Ina kallo daga wajen kai, inda na fi gani. Ya soke "babu", ya rubuta "firamare", ya sa hannu a gefe.

"Ban yi firamare ba," na ce.

"Na sani."

"Yaƙi da jahilci na yi. Shi za ka rubuta."

"Mama, ba su da akwatinsa. In na rubuta shi, 'babu' za su karanta."

Na so in ce ya mayar yadda yake. Abin da na yi da gumina, da goyo, da fitilar kwano, ba a san shi ba, sai an lulluɓe shi da ƙarya kafin ya yi daraja. Kuma ƙaryar ba ta gyara komai ba, ta dai fitar da ni ni kaɗai ta bar sauran mata a layin. Amma na tuna hannun hagu na auta. Na haɗiye maganata, ta wuce da ƙyar.

"Dada fa?" na ce.

Ya kalle ta. "Dada, kin taɓa shiga wani aji?"

"Na shiga. Na kai wa jikana abinci."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Kada ka yi mini ƙarya a kati, likita, na tsufa da shiga firamare. Ni ina gari, ba gona zan je ba. Zan zo kowace Talata. Zan zauna a bencin nan in gaya wa duk wadda ta zo abin da aka rubuta a kanmu, har ku gaji da ganina. Ka rubuta wasiƙarka. In ka rasa abin cewa, ka tambayi ɗankwalin mamarka."

Ya rubuta mini takarda, ma'aikaciyar ta cika mini ashirin da ukun, tana duba katin tana duba ni. Har mun kai ƙofa na dawo.

"Likita, wannan rubutun, ana samun wani?"

Fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce an aiko masa da shafukan daban har kwafi uku, irin takardar mujallar ce sak. Ya ba ni ɗaya, ya ce in ajiye da kyau, in yarana suka zo daga Yola su karanta mini. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya.

A hanya Dada ta ce, "Malama 'yar firamare! Yaushe za a ɗinka miki yunifom?"

Ni hankalina yana kan shafukan. Ina shafa takardar da yatsa. Tun a ofis na lura da ita, lokacin da gumin hannuna ya ɗiga a kai ya tsaya bai shiga ba. Damuwata da lalita kullum ita ce damina. Leda tana tara gumi, takardar littafi tana jiƙa, ƙwaya ta yi laushi ta farfashe.

Da yamma auta ta ci tuwo, ta haɗiye ƙwayarta, na ja sanda. Na gaya wa baban yara ya nemo mota. Ya tambaye ni yadda aka yi, na ce an ƙara mini ilimi.

Washegari da sassafe na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko almakashi. Shafi huɗu ne. Na yanka na farko gida-gida, na juye kwalba a faranti, na ƙirga sha biyar. Na naɗe su uku-uku, na lanƙwasa bakin kowane ƙunshi sau biyu, na ɗiga ruwa a kan ɗaya don in gwada. Ruwan ya gangare. Na jera su a lalita na ɗaura. Shafin da ke da zanen layuka, wanda aka ce ina ciki, na miƙa wa Dada ta katanga, na ce ta naɗe ukunta daga cikin bakwai ɗinta. Na ƙarshe, mai sunan likita, na sa shi a tsakiyar littafina, saboda wata mai zuwa.

Sannan na kira auta ta ɗauki ƙwaryar iri, muka fita bakin titi jiran motar Sahuda.